Jakadan Rasha da Karen Zane: Dariya Tana Maganin Ƙaryar Yaƙi Kuwa?

Abin da nake so mu duba a wannan fitowa yana kama da wasan yara, amma ina roƙonku ku yi haƙuri da ni har ƙarshe, gama akwai rai a cikinsa. Magana ce a kan yadda mutanen Yukren da magoya bayansu suka ɗauki barkwanci suka mai da shi makami a kan ƙaryar yaƙi, da kuma ko wannan makami zai yi mana amfani, mu da muke zaune 'yan kaɗan a tsakiyar masu yawa.

Sa'ad da sojojin Rasha suka afka wa Yukren ranar 24 ga Fabrairu, 2022, ƙarya ta shiga tare da tankoki. Tun a kwanakin farko aka baza cewa Shugaba Zelenski ya gudu ya bar jama'arsa, sai da ya fito titi da dare a birnin Kiyev, shi da manyan mataimakansa, ya ɗauki kansa a waya domin a gani da ido. Ranar 9 ga Maris aka jefa bom a asibitin haihuwa na garin Mariyupol. Duniya ta ga hoton wata mai juna biyu tana saukowa daga matakala, fuskarta da jini. Kashegari ofishin jakadancin Rasha a Landan ya rubuta a Twitter cewa 'yar wasan kwaikwayo ce aka yi wa kwalliya. Matar kuwa ta haihu jim kaɗan bayan harin. Wata kuma da aka ɗauko a kan gadon marasa lafiya daga wannan asibiti ta rasu, ita da abin da ke cikinta. A farkon Afrilu, da Rashawa suka janye daga garin Bucha aka tarar da gawawwakin farar hula a kan titi, hukumomin Mosko suka ce shiri ne aka yi bayan tafiyarsu.

Masana sun daɗe da sanin wannan salo. A shekarar 2016 wata cibiyar bincike ta Amurka mai suna RAND ta kwatanta farfagandar Rasha da bututun 'yan kwana-kwana mai feshin ƙarya: a yi ta zubo labari da yawa, da sauri, ta kafofi da yawa, ko da wani yana ƙaryata wani. Mai yin haka bai damu ka gaskata shi ba. Abin da yake nema shi ne ka gaji, ka ce ai kowa maƙaryaci ne, ka kama harkar gabanka. Har wa yau a 2018 masu bincike na jami'ar MIT suka bi sawun labarai wajen 126,000 da aka yaɗa a Twitter, suka tarar labarin gaskiya yana ɗaukar kusan ninki shida na lokacin da na ƙarya ke ɗauka kafin ya kai ga mutum 1,500. Mun saba cewa ramin ƙarya ƙurarre ne. Haka ne, amma kafin a kai ƙarshen ramin an riga an binne mutane. Mai tantance labari yana bukatar kwana biyu ko uku ya nemi shaida, ya rubuta dogon bayani wanda kaɗan ne za su karanta, maƙaryaci kuwa kafin nan ya ƙirƙiro goma sababbi.

A cikin wannan hali ne, a watan Mayu 2022, wani matashi ɗan ƙasar Polan ya fara zana wani irin kare na Japan da ake kira Shiba Inu, mai jan gashi da fuska kamar ta mai murmushi, yana sa masa kakin soja. Duk wanda ya ba da gudummawar kuɗi ga wata rundunar 'yan sa kai ta mutanen Jojiya da ke yaƙi a gefen Yukren, sai a zana masa nasa karen ya sa a matsayin hotonsa. Suka ari sunan ƙungiyar tsaro ta NATO, suka canja harafi ɗaya, suka kira kansu NAFO, harafin F ɗin yana tsaye a madadin wata kalmar Turanci mai ma'anar aboki. Ba su da ofis, ba su da albashi, ba su da rajista. Aikinsu shi ne, da zarar wani jami'in Rasha ya rubuta ƙarya, sai su yi masa taron dangi da hotunan karnuka da ba'a. Mu Hausawa muna da karin maganar da ta dace da su, wato maganin biri karen Maguzawa, kuma na san da yawa daga cikinku za su yi murmushi, gama daga gidajen da aka yi kiwon wannan kare muka fito.

Abin da ya fito da su fili ya faru a watan Yuni 2022. Mikhail Ulyanov, babban wakilin Rasha a hukumomin duniya da ke birnin Biyana, mutum ne mai shekaru da daraja a aikin jakadanci. Ya yi rubutu yana kare mamayar, sai wani mai hoton kare ya mayar masa da maganarsa cikin gatse. Maimakon ya yi shiru, sai jakada ya amsa, ya ce da shi, "Kai ka furta wannan shirme, ba ni ba." Shi ke nan. Kafin gari ya waye wannan jimla ta zama take, aka buga ta a riguna da kofuna ana sayarwa ana tara kuɗi, shi kuwa ya yi kwanaki bai sake rubutu ba.

Ina so mu tsaya a nan kaɗan, gama a nan dabarar take. Ku yi tunanin wani babban attajiri da rawani da babbar riga ya tsaya a tsakiyar kasuwa yana rantse-rantse a kan abin da kowa ya san ba haka yake ba. In malami ya zo da littafi yana yi masa gardama, attajirin ya samu abin da yake so, domin jama'a za su ce manya biyu ne suke musu, wa ya san mai gaskiya. Amma in wani ɗan kama ne ya zo ya tsaya a bayansa yana kwaikwayon tafiyarsa da muryarsa, ya shiga uku. In ya yi shiru, dariya ta ci shi. In ya juya ya biye masa, ya zubar da rawaninsa da hannunsa. Ƙaryar hukuma tana rayuwa ne da kwarjini, da tambari, da tuta, da muryar mai mulki. Jakadan da aka gani yana cacar baki da zanen kare ya rasa wannan kwarjini, kuma ba ya iya kai ƙara ko'ina. Kakanninmu sun san wannan, shi ya sa fada ba ta rasa wawan sarki, wanda shi kaɗai ke iya faɗa wa sarki abin da waziri ke jin tsoro. Da wasa ake gaya wa wawa gaskiya, da wasa kuma ake gaya wa mai ƙarfi.

Gwamnatin Yukren ta gane amfanin abin. A watan Agusta 2022 ministan tsaronta na lokacin, Oleksii Reznikov, ya gode musu a fili har ya sa nasa hoton karen. A Yuli 2023 suka yi taro a birnin Bilniyus na Lituweniya, firayim ministar Estoniya ta lokacin, Kaja Kallas, ta aika musu da jawabi. Su ma mutanen Yukren ba a bar su a baya ba. Hotunan manoma suna jan tankokin Rasha da tarakta sun zaga duniya, har hukumar yaƙi da cin hanci ta ƙasar ta sanar cewa wanda ya kama tankar abokan gaba ba sai ya rubuta ta cikin takardar bayyana dukiya ba. Ranar 16 ga Maris 2022 aka saki wani bidiyon bogi da aka haɗa da kwamfuta, wai Zelenski yana umartar sojojinsa su ajiye makamai. Kan ya fi ƙarfin jikin, muryar ba ta zauna ba, aka yi ta yi masa dariya har ya mutu a ranar. Lalle wannan nasara ce, kuma ban ga dalilin raina ta ba. Mutumin da ake yi wa ruwan bama-bamai, in ya iya dariya, tsoro bai gama cinye shi ba.

Amma fa, 'yan'uwa, dariya ba shaida ba ce. Abin da ya tabbatar da gaskiyar Bucha shi ne hotunan tauraron ɗan adam na kamfanin Maxar, waɗanda jaridar New York Times ta bincika ta nuna gawawwakin suna kwance a wuraren nan tun tsakiyar Maris, sa'ad da garin ke hannun Rashawa. Sai kuma likitoci da masu bincike da suka tono kaburbura, suka yi magana da waɗanda suka tsira. Wannan aiki ne mai wuya, marar daɗi, kuma babu kare ko ɗaya a cikinsa. Barkwanci yana iya tuɓe wa maƙaryaci riga, amma ba ya iya faɗa maka abin da ya faru.

Abin da ya fi damuna shi ne hanyar da dariya ta share, ƙarya ma tana binta, har ta ɓangaren mai gaskiya. A makon farko na yaƙin aka yi ta yaɗa labarin wani matuƙin jirgin yaƙi da aka yi wa laƙabi da Fatalwar Kiyev, wai shi kaɗai ya kakkaɓo jiragen Rasha masu yawa. Aka yi masa zane, aka yi masa kirari. Ɗaya daga cikin bidiyoyin da aka fi yaɗawa ashe daga wasan kwamfuta aka ciro shi. A ƙarshen Afrilu 2022 rundunar sojan saman Yukren da kanta ta ce babu wani mutum ɗaya mai wannan suna, almara ce. Haka kuma masu gadin Tsibirin Maciji su 13 waɗanda ɗayansu ya zagi jirgin ruwan yaƙin Rasha ta rediyo. Aka sanar wa duniya duk sun mutu, daga baya aka gane kama su aka yi da ransu. Zagin ya zama kan sarki wanda gidan wayan Yukren ya fitar ranar 12 ga Afrilu, jirgin kuwa, mai suna Moskva, ya nutse bayan kwana biyu. Labari mai daɗi ƙwarai. To, amma wanda ya yaɗa labarin Fatalwa domin ya yi masa daɗi, da wane baki zai tuhumi wanda ya yaɗa na Mosko domin shi ma ya yi masa daɗi?

Sai kuma tambayar su wa dariyar take kai wa. Yawancinta da Turanci aka yi ta, a dandalin da Rasha ta toshe tun Maris 2022, a watan da ta kafa dokar ɗaurin har shekara 15 ga wanda ya faɗi abin da hukuma ta kira labarin ƙarya a kan sojoji. Tsohuwar da ke ƙauyen Rasha tana kallon talabijin na gwamnati ba ta taɓa ganin karen nan ba. A nan wajenmu ma haka. An ɗaga tutar Rasha a Yamai bayan juyin mulkin Yuli 2023, an ɗaga ta a Kano lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agusta 2024, kuma masu ɗagawar suna da nasu ƙorafi wanda zanen kare bai amsa ba. Sau da yawa masu barkwancin juna suke ba dariya.

Akwai kuma inda wasan ya ɓaci. A Yuni 2023 kifin nan mai cin mutum da ake kira shak ya kashe wani saurayi ɗan Rasha mai shekara 23 a bakin teku a garin Hurgada na Masar, sai waɗansu daga cikin masu barkwancin suka mai da mutuwarsa abin raha. Yaron nan ba soja ba ne, ba jakada ba ne, ɗan wani ne. Kowane ɓangare ya samo wa ɗayan sunan da zai fitar da shi daga cikin 'yan adam, waɗannan suna kiran waɗancan dodanni, waɗancan suna zana waɗannan kamar aladu. Mu 'yan Afirka mun san inda wannan hanya take kaiwa. Gidan rediyon RTLM na Ruwanda, wanda ya fara aiki a 1993, ya yi farin jini ne saboda kiɗa mai daɗi da masu gabatarwa masu ban dariya. Cikin raha suka koya wa jama'a kiran Tutsi kyankyasai. A 1994 aka kashe mutum wajen 800,000 cikin kwana ɗari, dubbai daga cikinsu a cikin majami'u kamar na Nyamata da Ntarama inda suka gudu neman mafaka. A 2003 kotun duniya da ke Arusha ta hukunta waɗanda suka kafa gidan rediyon.

Ko ikkilisiyar Yukren ma abin ya taɓa ta. Wani ɗan jarida ɗan Kanada ya yaɗa wani zane mai kama da hotunan tsarkaka na majami'un Otodoks, mace da lulluɓi tana rungume da makamin fasa tanka mai suna Javelin. Zanen ya tara fiye da dala miliyan ɗaya domin taimakon Yukren. Amma da aka zana shi a bangon wani dogon gini a Kiyev, majalisar ikkilisiyoyin ƙasar ta nuna rashin yarda, har aka shafe da'irar hasken da ke kewaye da kan matar. Ana tsakiyar yaƙi, makamin yana kare su, duk da haka shugabannin suka ce akwai abin da ba a wasa da shi. A ganina sun yi daidai.

Yanzu bari in zo gida, gama matasanmu masu waya a hannu suna ganin waɗannan abubuwa, kuma na san akwai masu cewa me zai hana mu ma mu rama ƙaryar da ake yi mana da ba'a. Halinmu ya bambanta da na Yukren ƙwarai. Wanda ya yi wa Ulyanov ba'a ba zai gamu da shi a bakin rijiya ba. Mu kuwa wanda za mu yi wa dariya, shi ne maƙwabcin da muke sayen hatsi a wurinsa, wanda 'ya'yanmu ke aji ɗaya da nasa. Ba mu manta Fabrairu 2006 ba, sa'ad da zanen barkwancin da wata jarida ta buga a Denmak ya jawo aka ƙone majami'u aka kashe mutane a Maiduguri, aka kuma rama a kan bayin Allah a Anacha. Ba mu manta Nuwamba 2002 ba, sa'ad da jimla ɗaya a jarida a kan gasar sarauniyar kyau ta jawo asarar rai fiye da 200 a Kaduna. Ko kaɗan ban ce masu kisan suna da hujja ba, alhakin jini yana wuyan wanda ya zubar. Amma a lokacin wanda ya yi zanen yana can nesa, waɗanda suka biya kuwa su ne 'yan tsiraru a kowane gari, Kirista a nan, Musulmi a can.

Ƙaryar ma ba daga waje kaɗai take zuwa ba. A Yuni 2018, lokacin kashe-kashen Barikin Ladi a Filato, an yaɗa hotuna masu tayar da hankali a Facebook ana cewa na mutanenmu ne. Binciken BBC ya nuna ɗaya daga cikin bidiyoyin daga Kwango Barazabil ya fito, tun 2012. An yi kisa na gaske a ƙauyukan nan, babu mai musu, amma hotunan aro suka ƙara wa wutar fetur, aka tare hanya aka fitar da matafiya daga motoci aka kashe. Waɗanda suka tura hotunan nan gaba, da yawansu suna zuwa sujada ran Lahadi.

Saboda haka inda nake ganin dariya za ta yi mana aiki shi ne a cikin gida, a kan saurin gaskatawarmu. Ku tuna daren nan na Agusta 2014, lokacin cutar Ebola, da aka yi ta buga waya ana tashin mutane daga barci wai a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Manya da yara, masu digiri da marasa shi, aka yi layi a bayan ɗaki. Aƙalla mutum biyu suka mutu, waɗansu suka kwanta a asibiti. Bayan haka 'yan Nijeriya suka yi wa kansu dariya iya dariya, har yau kuwa in ka ce wa mutum "ruwan gishiri ne wannan," ya gane ka ba tare da ya ji an zage shi ba. Muna da wasan taubasai, muna da na jika da kaka, muna da na kabilun da ke abokan wasan juna, inda ake faɗa wa mutum laifinsa a gabansa ya yi dariya, domin ya san mai faɗar nasa ne. Jika na iya ce wa kakarsa ta sake kawo ruwan gishiri sa'ad da ta tura hoton da ba ta san asalinsa ba a zauren WhatsApp na zumuntar mata, ta kai masa duka da wasa, ta goge. In fasto ne ya tsawata mata a gaban jama'a, sai ta yi wata guda ba ta zo ba.

Shawarata ga majalisar dattawa ta kowace ikkilisiya ita ce a ware yamma ɗaya a wannan wata, a kira matasa biyu ko uku su nuna wa iyaye yadda ake sa hoto a Google Lens a ga inda ya taɓa fitowa a baya. Bai fi minti biyu ba, kuma yawancin wayoyin da ke aljihunmu suna iya yi. A kuma zaɓi mutum ɗaya a kowane zaure wanda za a riƙa tura wa irin waɗannan hotuna kafin a baza su, a ba shi izinin tsokanar kowa, har da mai rubuta wannan shafi da shugaban majalisa.